Ƙafa Ta Ɗoru, Hali Ya Sauya: Hanyoyin Sadarwa a Cikin Ƙwaƙwalwa

  Ina gaida mutanen Jega da Kimba. Ina gaida Aliero, garin albasa da ɗori. Ina gaida Maiyama, har Andarai da Mungadi.  

Yau maganar ƙwaƙwalwa za mu yi, musamman yadda sassanta ke aika wa juna saƙo. Masana sun shafe shekaru fiye da 30 suna leƙen wannan sadarwa da na'urori. Abin da suka gano ya shafi karatun yaro. Ya shafi mantuwar tsoho. Ya shafi wanda muke cewa ya samu taɓin hankali. Za mu tafi zango-zango, ku biyo ni a hankali.

Zangon farko, mu fara daga Aliero.

Kowa ya san Aliero da ɗori. Ana kawo masu karaya daga nesa, har daga wajen jihar Kebbi. To mu ɗauki misali. Ga saurayi ɗan kabu-kabu. Ya ɗauko fasinja daga kasuwar Jega, mota ta kaɗe shi. Ƙafa ta karye, kai ya bugi kwalta. Ya suma na ɗan lokaci, ya farfaɗo. Aka kai shi wajen mai ɗori. Bayan 'yan watanni ƙafa ta ɗoru, yana takawa. Aka yi barka.

Amma mahaifiyarsa ta lura da wani abu. Yaron nan da ba a jin kansa da kowa, yanzu abu kaɗan sai faɗa. A aike shi sayen mai da gishiri, ya dawo da gishiri kawai. A yi masa magana biyu a jere, ta biyun ta ɓace masa. Aka kai shi asibiti, aka ɗauki hoton kai. Likita ya ce ƙoƙon kai bai fashe ba, jini bai taru ba. Sai gida ya rabu biyu. Wasu suka ce jifa ne. Wasu suka ce iskancin banza ne kawai, tunda hoto bai nuna kome ba.

Mai sauraro, riƙe wannan magana. Hoto ya fita lafiya ba ya nufin babu ciwo.

Ga dalili. A cikin ƙwaƙwalwar mutum akwai ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86. Ƙwayoyin nan suna miƙa siraran zare zuwa ga junansu, zaren da ido ba ya gani. Ta cikin zaren nan saƙo ke bi. Wasu zaruruwan gajeru ne. Wasu suna tafiya daga goshi har ƙeya, wasu daga ɓarin dama zuwa na hagu. Idan kai ya bugu da ƙarfi, ƙwaƙwalwa takan girgiza a cikin ƙoƙonta. Dogayen zaruruwan nan su miƙe, wasu su tsinke. Hoton da aka saba ɗauka a asibiti sau da yawa ba ya nuna wannan ɓarna, don ta yi ƙanƙanta.

Bari in kawo abin kusa. Duk wanda ya san Jega ya san mahaɗa ce. Tun ƙarni na 19 ake cin kasuwa a garin. Hanya ta fito daga Sakkwato, ta bi ta Tambuwal da Aliero, ta shigo Jega. Wata ta nufi Birnin Kebbi. Wata ta gangara Maiyama, ta wuce Koko da Yawuri, har Kontagora. Yanzu a ce hanya ta yanke a Jega. Manomin Aliero yana nan da albasarsa, ba abin da ya same ta. Mai saye yana can kudu da kuɗinsa. Garuruwan duka lafiya lau. Amma ciniki ya tsaya. Abin da ke faruwa ke nan a kan wannan saurayi. Sashen da ke jin fushi yana aiki. Sashen goshi da ke cewa yi haƙuri shi ma yana nan. Hanyar da ke tsakaninsu ce ta samu matsala, saƙon haƙurin ba ya isa da wuri.

Kuma ƙwaƙwalwa tana da irin nata Jega. A shekarar 2011 wasu masana biyu, Martijn van den Heuvel da Olaf Sporns, sun nuna cewa akwai wasu 'yan wurare da hanyoyi masu yawa ke ratsawa, kuma wuraren nan suna haɗe da junansu sosai. Binciken da ya biyo baya ya nuna cututtukan ƙwaƙwalwa da dama sun fi taɓa irin waɗannan mahaɗu. Shi ya sa ƙaramin rauni a wani wuri ya fi babban rauni a wani wurin illa.

Zango na biyu. Yaya aka yi aka san duk wannan?

Labarin ya daɗe. A 1861 wani likitan Faransa, Paul Broca, ya duba wani majinyaci da ke fahimtar magana amma bakinsa ba ya iya furta kome sai gaɓa ɗaya. Da mutumin ya rasu, aka ga rauni a gaban ƙwaƙwalwarsa ta ɓarin hagu. A 1874 wani Bajamushe, Carl Wernicke, ya gano wani wurin daban, can baya kaɗan. Shi kuma idan ya lalace, mutum zai yi ta zuba amma bai fahimtar abin da ake faɗa masa. Sai Wernicke ya yi wani tunani. Ya ce idan wuraren biyu suna lafiya amma abin da ya haɗa su ya yanke fa? Daga baya aka samu irin waɗannan majinyata. Suna ji, suna ganewa, suna magana. Amma ka ce su maimaita abin da ka faɗa, sai abin ya gagara. Masu jinyar wanda ya samu shanyewar ɓarin jiki, wataƙila kun taɓa ganin irin haka.

A wancan zamanin sai mutum ya mutu ake iya duba ƙwaƙwalwarsa. Abin ya sauya da zuwan na'urar MRI, wato injin da ke ɗaukar hoton cikin jiki da ƙarfin maganaɗisu. A 1990 wani masani ɗan Japan, Seiji Ogawa, ya nuna cewa na'urar za ta iya bin sawun iskar da jini ke ɗauke da ita. Duk sashen da ya kama aiki, jini yakan ƙaru a wurin. To sai ga shi ana kallon ƙwaƙwalwar mutum yana raye, yana tunani.

A 1995 kuma wani ɗalibi a jihar Wiskonsin ta Amurka, Bharat Biswal, ya yi abin da mutane suka ɗauka ɓata lokaci ne. Ya sa mutane a cikin na'urar, ya ce kada su yi kome. Su kwanta kawai. Sai ya ga sashen da ke motsa hannun dama da wanda ke motsa hannun hagu suna tashi tare, suna sauka tare, alhali ba hannun da ya motsa. Ashe ko mutum yana kwance shiru, sassan da ke aiki tare suna ci gaba da taɓa juna. Daga nan masana suka samu dabara. Duk wuraren da ke tashi tare su sauka tare, rukuni ɗaya ne. Wannan shi ne tushen binciken da muke magana a kai yau.

Zango na uku. A cikin rukunan da aka gano, uku nake so ku sani. Zan ba su sunayen Hausa don su zauna a kunne.

Na ɗaya, rukunin saƙar zuci. Marcus Raichle da abokan aikinsa a birnin Sen Luwis na Amurka ne suka bayyana shi a 2001. Shi ne ke tashi idan ba ka aikin kome. Manomi yana zaune bakin gona da yamma. Yana tuna farashin bara. Yana lissafin auren 'yarsa. Yana tunanin me wane yake nufi da maganar da ya yi masa jiya. Duk aikin wannan rukuni ne.

Na biyu, rukunin aiki. Shi ne ke kama ragama idan ka mai da hankali kan abu. Dillali yana ƙirga buhuna. Ɗaliba tana rubuta jarrabawa. Yawanci idan wannan ya tashi, na saƙar zuci yakan lafa.

Na uku, rukunin ankararwa. Shi ke zaɓar abin da ya cancanci kulawa a cikin dubban abubuwan da ido da kunne ke kawowa. Uwa tana tuƙin tuwo, hankalinta ya yi nisa. Rediyo na magana, awaki na kuka, ba ta ji ba. Amma jaririnta ya yi wani irin kuka daban, nan take ta ajiye muciya. Rukunin ankararwa ne ya katse saƙar zuci, ya kira rukunin aiki.

In sake faɗa: saƙar zuci, aiki, ankararwa. A 2011 wani masani a jami'ar Stanford, Vinod Menon, ya kawo ra'ayin cewa cututtukan hankali da yawa suna da alaƙa da rikicewar karɓa-karɓa tsakanin waɗannan uku.

Mu duba ciwon damuwa mai tsanani, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2023 cewa yana damun mutum kimanin miliyan 280. Ga mace ta haihu. Maimakon murna sai kuka. Ba barci, ba cin abinci. Tunani ɗaya ke ta juya mata: ban iya ba, ba ni da amfani. Dangi suna cewa ki cire abin a ranki mana, ki gode wa Allah. Tana so ta cire, abin ya ƙi. Bincike da yawa ya nuna a irin wannan hali rukunin saƙar zuci ba ya lafawa yadda ya kamata. Mutum yana son ya koma kan aiki, saƙar ta ƙi sakinsa. Don haka, maigida, da kai nake. Abin da ke damun matar nan ba ƙarancin godiya ba ne. Ciwo ne, kuma yana jin magani.

Sai masu jin muryoyi. Wannan na cikin alamomin ciwon da likitoci ke kira sikizofiriniya, wanda ke kama kusan mutum 1 cikin 300 a duniya. A nan ina so mu yi gwaji tare. Mai sauraro, sa yatsa ka yi wa kanka cakulkuli a tafin hannu. Ka yi? Ba ka ji wani abin dariya ba. Amma wani ya yi maka, sai ka zabura. Dalili shi ne, kafin yatsanka ya motsa, sashen motsi ya riga ya aika wa sashen ji saƙo cewa ga taɓi nan tafe, namu ne. Haka kuma idan kana magana a zuci, akwai saƙon da ke shaida wa sashen sauraro cewa wannan muryarka ce. Masana da dama suna ganin a wannan ciwo saƙon shaidar ne ba ya isa daidai. Sai mutum ya ji tunaninsa kamar wani ne ke masa magana daga waje. Tun 1995 Karl Friston da Chris Frith a Landan suka kira ciwon matsalar yankewar sadarwa. Kun ga ke nan, mai cewa yana jin murya ba ƙarya yake yi ba. Da gaske yana ji. Gardama da shi ba ta amfani, duka kuwa sai dai ya ƙara ɓata lamarin.

Farfaɗiya ma a nan ta shigo. Wutar saƙo ce ke tashi a wuri ɗaya fiye da ƙima, ta bi hanyoyin sadarwa ta mamaye sauran. Ba a ɗaukar ta ta yawu, ba a ɗaukar ta ta taɓa mai ita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce har kashi 70 cikin 100 na masu ita za su iya rabuwa da faɗuwa idan sun samu maganin da ya dace.

Matasa, yanzu da ku nake. Hanyoyin da ke haɗa goshi da sauran ƙwaƙwalwa, waɗanda ke taka wa mutum burki, su ne na ƙarshen nuna. Ba sa kammala ƙwari sai wajen shekara 25. A daidai wannan lokacin ne wasunku ke zuba musu tiramol da kodin da wiwi da sholisho. Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi ya yi da hukumomin Najeriya a 2018 ya gano mutum miliyan 14.3 ne suka yi amfani da ƙwaya a cikin shekara guda. A shekarar ce kuma gwamnati ta hana maganin tari mai kodin. Na san hujjar da ake kawowa: aikin gona da wuya, lodin buhu da wuya, sai da ɗan abin ƙarin ƙarfi. To ƙwayar tana ƙarfafa hanyar sha'awa, tana raunana ta burki. Tiramol kuma idan ya yi yawa yana jefa mutum cikin jijjiga irin ta farfaɗiya. Wanda ya fara wiwi da ƙuruciya ya kuma yawaita, haɗarin rikicewar hankali ya fi yawa a kansa.

Kada mu manta da yara. A farkon 2025 sanƙarau ya ɓarke a Aliero da Jega da Gwandu, aka rasa rayuka. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu. Amma waɗanda suka tashi fa? Sanƙarau da zazzaɓin cizon sauro mai taɓa ƙwaƙwalwa sukan bar tabo a ji da fahimta. Yaron da ya warke ya koma aji ya zama kamar ba shi ba, malam, kafin ka ɗauki bulala, a duba kunnensa, a gaya wa likita.

Zango na huɗu. Nan zan ja muku kunne, don kada a yaudare ku.

Duk wannan bincike da na lissafa, an yi shi ne ta hanyar kwatanta taron masu ciwo da taron masu lafiya. A taro ake ganin bambancin. Har yau babu hoton da za a ɗauki mutum ɗaya a ce ga ciwon damuwa nan, ko ga sikizofiriniya nan. A 2022 Scott Marek da abokan aikinsa sun wallafa wani bincike a mujallar Nature da ya girgiza masu wannan fanni. Sun nuna cewa kafin a amince da alaƙar da ke tsakanin hoton sadarwar ƙwaƙwalwa da halayen mutum, sai an gwada dubban mutane. Alhali yawancin binciken baya da mutum 20 ko 30 aka yi su. Ni a ganina wannan abin yabo ne, masana su tona wa kansu asiri da kansu. Amma darasinsa gare mu a fili yake. Duk wanda ya ce ka kawo kuɗi ya ɗora maka wata na'ura a ka ta faɗi cutar hankalinka, riƙe kuɗinka. Likitan ƙwaƙwalwa da tambaya yake gano ciwo, da sauraro, da labarin da dangi suka ba shi. Hoto yana da amfaninsa: neman ƙari, ko jinin da ya taru, ko shanyewar wani sashe.

Wani gyara kuma. Babban aikin zana taswirar hanyoyin ƙwaƙwalwa da Amurka ta ƙaddamar a 2009 ya ɗauki hoton mutum kimanin 1,200. A 2016 aka fitar da taswira mai yankuna 180 a kowane ɓari. Aiki ne mai kyau. Sai dai akasarin kawunan da aka auna a wannan fanni na Amurkawa ne da Turawa. Ba a gina taswirar a kan yaron da ya sha fama da zazzaɓi da tamowa ba, ko almajirin da ya haddace izu 60 da ka. Wata ƙidaya da aka wallafa a 2018 ta samu na'urar MRI 58 kacal a duk Najeriya. A nan nake kallon jami'ar kimiyya da fasaha da ke Aliero, wadda aka kafa a 2006. Bayanan wancan aiki na Amurka a buɗe suke ga masu bincike ta intanet. Nazarinsu lissafi ne da kwamfuta. Ɗalibin lissafi a Aliero zai iya sa hannu a ciki ba tare da ya taɓa ganin na'urar ba. Akwai kuma na'urar EEG, mai auna wutar ƙwaƙwalwa ta fatar kai, wadda ta fi MRI araha nesa ba kusa ba. Ga masu raunin kai nan ana kawowa garin ɗori kullum. Wa zai bi sawunsu ya rubuta yadda suka ƙare?

Zangon ƙarshe, abin da za a yi a gida.

Hanyoyin ƙwaƙwalwa suna sauyawa da amfani. A shekarar 2000 Eleanor Maguire ta auna direbobin tasi na Landan, waɗanda sai sun haddace titunan birnin kafin a ba su lasisi. Ta ga wani sashe mai riƙe taswirar wurare ya fi girma a kansu, kuma yana ƙaruwa da yawan shekarun tuƙi. Wanda ya samu shanyewar jiki ko raunin kai, idan ana motsa shi, ana sa shi magana, ana ba shi ƙaramin aiki kullum, saƙo yakan samu wata hanyar ya kewaya. Ba kowa ke komawa daidai ba. Amma wanda aka kulle a ɗaki, ko aka sa wa mari, an hana shi abin da zai taimake shi. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta ba masu wannan lalura haƙƙin a kula da su cikin mutunci. A yi addu'a, a kuma kai asibiti. Ɗaya bai hana ɗaya ba.

'Yan kabu-kabu, hular kwano. Na san akwai zafi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sa ta daidai yana rage haɗarin raunin ƙwaƙwalwa har da kashi 74 cikin 100. Mai ɗori zai haɗa maka ƙashi. Zaren da ya tsinke a cikin kai ba ya ɗoruwa da kara da tsumma.

Idan kuma hatsari ya riga ya faru, ga alamomin da ba a jira da su. Amai a kai a kai. Barcin da ake tashin mutum da ƙyar. Jijjiga. Jini ko ruwa daga kunne ko hanci. Ɓari ɗaya ya saki. In an ga ɗaya daga ciki, asibiti tukuna, ɗori daga baya. In sake faɗa: asibiti tukuna, ɗori daga baya. Asibitin koyarwa na jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato yana da cibiyar tiyatar ƙwaƙwalwa. Don cututtukan hankali kuwa akwai asibitin gwamnatin tarayya da ke Kware, kusa da Sakkwato. A fara da babban asibitin da ya fi kusa, su za su tura ku gaba.

In za ku je, ku tafi da wanda ya fi sanin majinyacin, uwa ko mata ko ɗan'uwan da suke kwana ɗaki ɗaya. Ku tuna yaushe abin ya fara. Ku faɗi yadda barcinsa yake, da abin da yake sha, ko da abin kunya ne. Ku ɗauki duk kwalin maganin da aka taɓa ba shi, har na gargajiya. Idan an ba da magani, sau da yawa sai ya yi makonni kafin a ga sauyi, don haka kada a daina shi ba da sanin likita ba.